Taragon Baba a Hawa na Huɗu

Lubartów,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Leszek,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya ƙalau idan jirginku ya dawo gaɓa, kuma sanyin Norway bai ƙara farfasa maka hannu ba. Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya kiyaye ka daga igiya da ƙugiya, ya dawo mana da kai lafiya. Mu ma muna nan, sai godiya. Mama tana nan a gidan burodi, tana fita tun da duhu, tana dawowa da fulawa a gashinta. Gwaggo Danuta ta samo naman kaza da yawa a daji bana, ta jera su a zare ta rataye a kicin ɗinta, ƙamshinsu yana hawowa har wajenmu ta tagar banɗaki. Ranar tunawa da matattu ita da Mama sun je kabarin Kaka sun kunna kyandir, sun kunna ɗaya a madadinka. Ni ban je ba, na zauna da Baba.

Ka san ni da waya. Idan ka kira Mama ta miƙo mini, ban da lafiya lau ba na iya cewa komai. Amma akwai maganar da Mama ta ce ba za ta yanke ba sai ta ji ta bakinka, wato ko za a bar ni in riƙa fita ranar Asabar da safe. Ina so ka ji yadda abin ya faru daga wajena kafin ta kira ka. Ka yi haƙuri da tsawonta, a takarda ne kaɗai bakina yake buɗewa.

Baba yana nan kusan yadda ka bar shi. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar kuma yana jan ta da sanda daga gado zuwa kujera. Matakala ko kallonta ba ya yi. Tun da masu motar asibiti suka hawo da shi hawa na huɗun nan bai sake taka ƙasa ba. Magana tana fitowa ɗaya-ɗaya da ƙyar, sai dai zagi, wannan kam sumul yake fitowa, har Gwaggo ta ce ciwon nan ya kwashe na kirki ya bar mana na banza. Mama ta ce ba za a bar shi shi kaɗai ba ko kaɗan. Gwaggo ce ke hawowa daga ɗakinta da ke ƙasanmu ta zauna da shi da safe, ni kuma ina tashi daga makaranta sai gida in karɓe ta, ranar Asabar kuwa tun safe har Mama ta dawo ni ce. Ba ƙorafi nake yi ba, Yaya. Amma idan muka zauna, shi yana kallon bango ni ina kallon littafi, ba abin da ke motsi sai ƙarar firji, sai in ji kamar ɗakin yana matsowa kusa da ni. Wani lokaci nakan shiga banɗaki in rufe ƙofa ba don komai ba, don dai in ce na je wani wuri.

A sabuwar makarantar ban san kowa ba sai wata yarinya, Kinga, da aka zaunar da mu benci ɗaya. Surutu gare ta, takan yi tambaya ta ba kanta amsa, shi ya sa nake jin daɗin zama da ita. Duk Asabar suna zuwa wurin ninƙaya ita da wasu 'yan ajinmu, kuma tun farkon zango take cewa in zo. Kullum sai in ce wani satin. Ban gaya mata zancen Baba ba, na rasa ta ina zan fara. Rannan ta tambaye ni ko ɗaure ni ake yi da igiya a ƙafar gado, muka yi dariya, amma daga baya ta ce idan ba na son ƙawance da ita in faɗa mata kawai, ba za ta mutu ba. Ita kaɗai gare ni a makarantar nan, Yaya.

Matar da ke zuwa motsa wa Baba jiki ce ta kawo maganar wasa. Ta ce wa Mama hannu ba ya dawowa don an ja shi kawai, sai mutum yana da abin da yake son kamawa. Mama ta ce in dai Wiesiek ne, wato Baba, abin da ya taɓa so a duniya bayan mu shi ne taragon nan. Ni a hoto kawai na san shi, an sayar kafin a haife ni, amma kai ka sani: shuɗin nan mai tayoyi da ke tsayawa bayan kasuwa cike da injunan wasa, wanda tarakta ke ja zuwa ƙauyuka ranar bikin coci. Tsohuwar kwamfutarka tana ƙarƙashin tebur, sai Mama ta ce in tambayi malaminmu na kwamfuta, Pan Lucjan, wato Malam Lucjan, ko tsofaffin wasannin nan za su shiga cikinta. Na kasa tambayarsa da baki, na rubuta a 'yar takarda na ajiye masa a tebur na gudu. Washegari ya tare ni yana dariya, ya ce ashe ni 'yar Pan Wiesiek ce, ai rabin yarintarsa a taragon nan ta ƙare. Ya ce akwai manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ta yi kamar ita ce cikin tsohon injin, har wasan da kansa ba ya gane an canza masa gida. Ya ba ni iri biyu a filas na kwamfuta, ƙarama da babba, ya ce mu gwada. Wadda muka zaɓa zai zo ya gyara yadda da an kunna kwamfutar za ta buɗe kanta, tunda Baba hannu ɗaya gare shi. Amma guda ɗaya za a iya yi wa haka, kuma in ba shi amsa ranar Alhamis.

Ƙaramar muka fara gwadawa, kuma gaskiya ita na so. Da ta buɗe sai hotunan wasanni suka jeru manya-manya kamar alewa a shago. Ka taɓa ɗaya ya fara, ba ya neman komai, idan an kashe ka ka danna ka ci gaba daga inda ka tsaya har ka gaji. Yaro ɗan shekara uku zai iya. Nan take na fara lissafi a zuciyata: Baba zai iya wannan shi kaɗai, Mama za ta gani, ni kuma in samu Asabar. Na buɗe masa wani na ƙaramin jirgin sama ja mai harbi, wanda ya nuna da haɓarsa. Ya rufe ido ya saurari kiɗan, ya buɗe ya kalli jirgin da aka baje shi ya cika allo ya yi ƙiba kamar agwagwa, sai ya ce, “Ba shi ba.” Na tura masa madannai gabansa na nuna masa inda zai taɓa. Ya kalle ni kamar na miƙa masa tsummar goge ƙasa, ya ture su da bayan hannu har suka kusa faɗuwa, ya juya fuskarsa bango. Ranar ko miyar kokwambar da yake so bai sha ba.

Gwaggo ce ta warware mini da na sauka kai mata tukunyarta. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta ce ke 'yar nan, ubanki mai tarago ne, ba ɗan wasa ba. Ta ce duk shekarun da ta yi tana taya shi sayar da ƙwandalar wasa a taga, ba ta taɓa ganin ya kama sandar inji ya yi wasa ba, kuma ba shi kaɗai ba, duk masu tarago haka suke. Mai tarago a bakin ƙofa yake tsayawa da makullai a ɗamara, injin kuma ta baya ya san shi, ta ƙofar da yara ba sa gani. Ta ce da an gan shi yana danne-danne kamar ɗan firamare, ai da Lubartów ta yi wata tana dariya, kuma babu yaron da zai sake jin tsoronsa. Kai ka san wannan, Yaya? Mama ma ta ce ta manta.

Babbar kuwa muni gare ta. Baƙin allo ne da dogayen sunaye ƙanana-ƙanana, babu hoto ko ɗaya, kuma yawancin wasannin ƙin buɗewa suke yi, sai ta rubuto da Turanci wai wani abu ya ɓace. Pan Lucjan ya ce haka take, kowane zubi nata da irin kayan da yake karɓa, idan ba su dace ba ko roƙonta ka yi ba za ta saurare ka ba. Na yi ta gwadawa har na samu na jan jirgin ya buɗe. Baba bai ko juyo ba. Na gaji na jingina gwiwar hannuna a kan madannai ba da niyya ba, sai wasan ya ɓace, wasu fararen layuka suka fito kamar raga, da sanduna masu launi a gefe. Na ce shi ke nan na lalata kwamfutarka. Na kai hannu zan kashe, sai na ji an ce “Tsaya!” da ƙarfi, da muryar Baba ta da, wadda yake kiranmu da ita daga taga. Da kansa ya jawo kujerarsa kusa. Ashe wannan ne abin da ke fitowa idan mai tarago ya buɗe cikin inji ya danna maɓallin da ke ɓoye, kuma ƙaramar ba ta da shi sam. Ya yi ta juya hannunsa a iska har na gane so yake a kwantar da allon a gefensa, don wasan jirgi a tsaye yake a inji na gaske. Na tallafe shi da littattafan girkin Mama, na nemo inda ake juya hoton, jirgin ya dawo siriri. Sannan ya sa na shiga wani shafi inda ake zaɓar ran ɗan wasa nawa ne, da yadda wasan zai yi wuya. Ya rage rayukan, ya ƙure wahalar wasan. Da Gwaggo ta gani ta ce mugu, haka ya yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru, suna zaton su ne ba su iya ba. Baba ya yi murmushi da rabin fuskarsa.

Daga nan ya nuna saman kabad da sanda. Na hau kujera na sauko da wani gwangwanin shayi mai nauyi, cike da ƙwandalolin tagulla masu tsagi a tsakiya. Ya ɗora shi a cinyarsa, ya ɗauko hannun daman nan da na hagu ya aza a kai don ya danne, ya buɗe murfin, ya sa mini ƙwandala ɗaya a tafin hannu. Ya sa na kawo kwalbar kokwamba da ta ƙare. Sai na jefa ƙwandalar a kwalba ta yi ƙara, sannan shi ya danna maɓallin da ke gaya wa wasan an biya, sannan ni in yi wasa. Kafin in gane ina ne gaba an harbo ni. Baba ya yi dariya har da tari. Mama ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, sai ta shiga kicin ta buɗe famfo, amma na ji tana kuka.

To ka ga inda matsalar take, Yaya. Babbar ba ta yiwuwa sai da ni. Ko an gyara ta buɗe kanta, Baba ba wasa zai yi ba, mai tarago ne, kuma tarago sai da mai shigowa. Ni ce mai shigowar, ni kaɗai. Da can ko ba komai ina karanta littafina yana kallon bangonsa. Yanzu ina ajiye jaka zai buɗe gwangwani, in jefa, ya danna, a harbo ni, in sake miƙa hannu, idan kwalbar ta cika mu juye mu faro. Na tsani jan jirgin nan, har a mafarki nake ganinsa. Mama ta ce ai babu wata shawara, babbar za a sa, dubi yadda mutumin ya farfaɗo, har mai motsa jiki ta ce yatsun dama sun fara kama gwangwanin. Gwaggo ta ce ƙaramar dai da ta bar yarinyar nan ta sha iska, watakila da ya gaji da fushi zai koya. Mama ta ce ai Jagoda ba ta yi ƙorafi ba. Ina zaune a wurin ina ɓare dankali, babu wadda ta juyo ta tambaye ni, ni ma ban ɗago kai ba.

Ranar Alhamis tun daga gida har makaranta ina maimaita kalmar ƙaramar a bakina. Na ce zan iya cewa malam ne ya ga ta fi dacewa, babu wanda zai sani. Shi ma da na tsaya gaban teburinsa sai ya sauƙaƙa mini, ya ce shi dai da marar lafiya zai sa wa, ƙaramar zai sa, ba ta da rigima. Ɗaga kai kawai ya rage in yi. Amma sai muryar nan ta Baba ta dawo mini a kunne, yadda ya ce tsaya. Na ce babbar. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya, na sake faɗa. Da yamma ya zo gida ya gyara, Baba ya nuna masa shafin nan na rayuka, Pan Lucjan ya dafe kai ya ce wallahi ya daɗe yana zargi, suka yi ta dariya su biyu. Na ce zan kai shara. Na zauna a matakala tsakanin hawa na uku da na huɗu da bokitin a gabana, na yi kuka har fitilar matakalar ta mutu da kanta, ban tashi na kunna ba.

Jiya Asabar Mama ta tafi aiki, muna cikin wasa sai wayar ƙofa ta yi ƙara. Kinga ce a ƙasa, ban ma san ta san gidanmu ba. Muryarta ta cika ɗakin, tana cewa Jagoda sauko bas zai tafi, ko sai ta kira 'yan kwana-kwana su zo da tsani? Na sa baki kusa da wayar na ce a hankali ba zan iya ba. Ta ce to shi ke nan, babu dariya a ciki, abin da ba ta saba ba. Na koma na zauna na miƙa wa Baba hannu. Ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da murfin gwangwanin ya rufe, ya aza hannun dama a kai. Na ce Baba ai akwai saura. Ya ce, “Babu.” Ya yi ta kokawa da bakinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya nuna ƙofa da sanda ya ce, “Babu ƙwandala, waje.” Na ce masa Mama ta ce kada in bar shi. Sai ya ɗauki cokalin shayinsa ya shiga buga bututun ɗumama ɗaki da ya ratsa har ɗakin Gwaggo, wanda muka yi da Gwaggo ba za a buga ba sai wani abu ya faru. Ta hawo a guje da ƙullun fulawar pierogi a hannunta tana haki, ta ga mutum zaune lafiya, ta ce Wiesiek Allah ya shirye ka, ka kusa kashe yayarka a matakala, wa zai binne ni, kai? Bai kula ta ba, ya buɗe gwangwani ya miƙa mata ƙwandala. Ta ce ita, da tsufanta, da tabaraunta? Ta kalle shi, ta kalle ni, ta kalli ƙofa, sai ta goge hannu a zanen gabanta ta zauna a kujerata. Ta ce haka yake korar yaran da ke cika masa tarago ba su da ko ƙwandala, waɗanda yake kira ungulaye. Sannan ta ce da ni, ke ungulu, ba ki ji an kore ki ba? Mai tarago ba ya faɗa sau biyu.

Da na sauka babu Kinga, bas ya tafi. Na tsaya a bakin gini na rasa abin yi, iska ta yi mini yawa. Komawa sama kuma na ji kunya, sai na kama hanya da ƙafa. Sai da na kai wajen coci na lura da silifas ɗin gida na fito, masu kunnen zomo da ka saya mini, kuma ban ɗauko kayan wanka ba, ko tawul. Da na isa na leƙa ta gilashi na gan su a ruwa, na kasa shiga. Na zauna a bencin da ke tsallaken titi, ƙafafuna suka yi sanyi har na daina jin su. Da suka fito Kinga ta hango ni, ta ce wa sauran su tafi, ta tsallako da jiƙaƙƙen gashinta. Ta kalli ƙafafuna ta fashe da dariya, ta ce to da zomaye biyu aka zo koyon iyo? Ban san yadda aka yi ba, Yaya, ina kallon silifas ɗin na gaya mata komai, ciwon Baba, da matakala, da gwangwani, da jan jirgi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da wani ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ciro burodinta mai cuku ta raba biyu ta ba ni babban, ta ce ni sakarya ce da ban faɗa tun farko ba. Ta ce Asabar mai zuwa za ta aro mini hular wanka wajen yayarta, kuma ba za ta buga waya ba, hawowa za ta yi ta gaida mai tarago.

Mama ba ta ji daɗi ba. Gwaggo ce ta tona da bakinta, tana alfahari wai a wasan ta kai har wajen babban jirgin ruwa, inda ni ban taɓa kaiwa ba. Mama ta ajiye jaka ta ce Danuta da ciwon bayanta idan ya faɗi ta yaya za ta ɗaga shi, kuma duk mako tana hawowa da safe, a ƙara mata Asabar ai zalunci ne, sannan idan aka mayar da bututu abin wasa, ranar da abin gaske ya faru wa zai yi gudu? Gwaggo ta ce a bar mata bayanta, ita ta san shi, kuma ni ɗin da nake kamar tsinke ni ce zan ɗaga shi? Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Asabar. Danuta.” Mama ta ce ba za ta yi gardama da mutum uku ba, Leszek zai dawo daga ruwa ƙarshen wata, abin da ya ce shi za a yi, kafin nan kowa ya zauna inda yake. Kada ka ga laifinta, tsoro take ji, kuma ta gaji, jiya a kan kujera ta yi barci da takalmanta.

Yaya, ba cewa nake ka dawo ba, na san don mu kake can cikin sanyi. Ba kuma cewa nake a canza manhajar ba, ni na zaɓe ta da bakina, kuma ko yau aka sake tambayata babbar zan ce. Sauran kwanakin duk zan zauna in jefa ƙwandala a harbo ni, ba zan ɓata fuska ba. Safiyar Asabar kawai nake roƙo. Zan gaya wa Kinga ta ƙara haƙuri har ƙarshen wata, ina ganin yanzu za ta jira, amma ban san ko za ta jira fiye da haka ba. Idan Mama ta kira ka ta fara jero abubuwan da za su iya faruwa, ka saurare ta har ta gama, don ba ta da wanda take gaya wa, sannan ka ce mata ta bar ni.

Ka gaishe mini da Kawu Zbyszek da Inna Marzena, ka ce mata safar da ta aiko ta yi wa Baba daidai. Ka shafa mini kan ƙaramin Olek, Allah ya raya shi. Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wuyanka. Gwaggo ta ce ta ware maka zaren naman kaza ɗaya, kada ka ce ba ka so. Na gaya wa Baba kai nake rubuta wa, sai ya ɗauki ƙwandala ya yi kamar yana jan ta sama da zare, ya nuna hotonka ya ce, “Na sani.” Ban gane ba, sai Gwaggo ta ce haka wasu yara suke janyo ƙwandalarsu daga inji don su yi wasa kyauta, kai za ka gane, kuma kunnenka zai yi ja don kunya. Na riga na haɗa tawul da kayan wanka a jaka na rataye bayan ƙofar ɗakina, na ajiye takalman fita a ƙarƙashinta. Sai na ji daga gare ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Jagoda